Lafiya Uwar Jiki: Shekarun Mace da Aikin Juya Mahaifa

  Iyaye mata da masu gida, a matso kusa da rediyo, maganar yau da ku a ciki.

Batunmu shi ne aikin da ake yi wa mace don ta daina haihuwa gaba ɗaya, wanda aka fi sani da juya mahaifa. Likita kan ɗaure ko ya yanke bututu biyun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Mahaifar tana nan, al'ada za ta ci gaba da zuwa, zaman aure ba ya canjawa. Amma haihuwa ta ƙare. Aikin sake haɗa bututun yana da wuya da tsada, kuma ba kullum yake nasara ba, don haka a ɗauka cewa babu komawa.

To, ina ruwan shekaru? A Amurka an bi mata sama da dubu 11 da aka yi wa aikin, aka fitar da sakamako a 1999. Cikin waɗanda ba su wuce shekara 30 ba lokacin aikin, kusan kashi 20 cikin ɗari sun yi nadama a shekaru 14 da suka biyo baya. Waɗanda suka haura 30 kuwa, kusan kashi 6 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a yi taka-tsantsan idan mace tana da ƙuruciya.

Yanzu mu dawo gida. A nan ana aurar da yarinya da wuri, sai ka ga mace tana shekara 27 da 'ya'ya shida, ga goyo a baya, ga wani yana jan zaninta, jinin jikinta bai dawo ba. Idan ta ce ta gaji, gaskiya ta faɗa, kuma ta cancanci hutu. Sai dai yawan 'ya'ya bai sa ta tsufa ba. Tana da kusan shekara ashirin na haihuwa a gabanta, kuma a ciki komai na iya faruwa. Maleriya da ƙyanda suna ɗauke mana yara. Aure na mutuwa, miji na rasuwa, ta shiga wani gida inda dangi ke zuba ido su ga ciki, ga kishiya tana haihuwa. Wannan zafin ne ba na son wata ƙanwata ta ɗanɗana.

Mai irin wannan shekaru, hutu take nema, kuma akwai shi. Ashanar hannu tana kai shekara 3 ko 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai 10. Ranar da kike son ciki, a cire. Ke kuma yaya mai shekara 42, roba ɗaya na iya kai ki har al'ada ta ɗauke ba tare da an tsaga ki ba.

Amma akwai inda shekaru ba su ne abin dubawa ba. Matar da mahaifarta ta taɓa fashewa a doguwar naƙuda, ko aka yi mata tiyatar haihuwa sau da yawa, ko ciwon zuciyar nan na bayan jego ya kumbura ta bai sake ta ba, wani cikin na iya zama ajalinta ko tana shekara 25. Malamai ma sun duba wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta halatta tazarar haihuwa da yardar miji da mata, ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Likita ne zai tantance hatsarin, ku kuma ku nemi fatawa wajen malaminku.

Abin da na fi roƙo, kada a yanke wannan shawara a ɗakin haihuwa, mace na murƙususu, maigida na tsaye a baranda an miƙo masa takarda. A yi maganar tun lokacin awon ciki, ita ta ji da kunnenta, ta amince da bakinta.

Wadda aka riga aka yi wa aikin, ki riƙe wannan. Jefi-jefi ciki kan shiga, musamman ga masu ƙuruciya, kuma yakan zauna a wajen mahaifa. Idan al'ada ta ɗauke, mara na ciwo, kada ki kwana a gida.

Mai tambaya ta je sashen tazarar haihuwa na Babban Asibitin Babura ko na Kazaure. Maigida, ka raka ta.