Kalmar "Cut Back" da Danginta a Takardun da Ake Aiko Mana



Kwamitin wayar da kan 'yan ƙungiya ne ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wata 'yar gajeriyar kalmar Turanci, wato "cut back". Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan darasin aji ne, me ya kawo shi zauren ƙungiya? Abin da ya kawo shi shi ne, duk takardar da ke taɓa albashinmu da alawus ɗinmu da Turanci ake rubuto ta. Mun sha gani an karanta irin wannan takarda a ɗakin malamai, kowa ya gyaɗa kai, sai ƙarshen wata ya zo sannan a san abin da ta ƙunsa.

Idan mai lambu ya ce zai yi wa itace "cut back", nufinsa ya datse rassan da suka yi yawa, wani lokaci har kusa da gindi, domin itacen ya sake tofo da ƙarfi. Duk mai goba ko lemo a gida ya san wannan. Haka kuma ake amfani da ita a kan kuɗi da abinci da aiki: likita ya ce wa mai ciwon sukari ya yi "cut back on sugar", wato ya rage sha, bai ce ya daina ɗungurungum ba. In aka haɗe kalmomin biyu suka zama "cutback", to an sami suna, kuma galibi da jam'i yake zuwa, "cutbacks", ma'ana rage kuɗin da ake kashewa. Masu kallon ƙwallo kuma sun san ta da wata fuskar, lokacin da ɗan wasa ya kai bakin layin ƙarshe ya maido wa abokinsa ƙwallo baya. Wannan kam ba ta taɓa aljihun kowa.

Abin lura shi ne, kalmar tana ɗauke da alkawarin mai lambu, cewa abin da aka datse zai dawo. Shi ya sa take da daɗin faɗa a bakin hukuma. Amma mai lambu ya san lokacin da itacensa zai tofo, takardar ofis kuwa ba kasafai take faɗin ranar da alawus zai dawo ba.

Inda muka fi so ku tsaya da kyau shi ne 'yan ƙananan kalmomi biyu da ke biyo ta, "by" da "to". A ce alawus ɗin malami naira 10,000 ne. Idan aka rubuta "cut back by 20 per cent", an cire kashi 20 cikin 100, saura naira 8,000. Idan kuwa aka rubuta "cut back to 20 per cent", an mayar da shi kashi 20 cikin 100 na yadda yake, wato naira 2,000 kacal. Harafi biyu ne kowacce, amma tsakaninsu akwai naira 6,000 duk wata, a gidan da ake jiran kuɗin makaranta da na cefane. Ga kuma wata matsala: "cut" ba ta sauya siffa, yadda take a yau haka take a jiya, don haka sai an duba sauran jimlar kafin a san ko an riga an yanke ne ko ana kan yankewa. Sau da yawa ma sai a rubuta "has been cut back", an rage, ba tare da an faɗi wanda ya rage ba.

Danginta suna da yawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. "Trim" ita ce mafi sauƙi, aski ne, a ɗan rage gefe a daidaita, ko da yake mu Hausawa mun san aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. "Pare down" fira ce irin ta dankali ko rogo, a yi ta cirewa kaɗan-kaɗan har sai abin da ba makawa ya rage. "Scale back" a kan shiri ko aiki ake faɗinta, kamar a yi niyyar gina ajujuwa shida a koma uku. "Curtail" taƙaitawa ce, ta fi zuwa a kan 'yanci ko lokaci, asalinta kuwa daga sunan dokin da aka gutsure wa wutsiya ne. "Slash" sara ne da adda, 'yan jarida suka fi sonta. Kada kuma a haɗa waɗannan da "cut off" ko "cut out", domin su yankewa ce gaba ɗaya, ba a bar komai ba.

Sai kalmomin da ake ɗaukowa idan mutane za a rage. Dattawanmu da ke nan sun ga zamanin tsuke bakin aljihu na Shugaba Shehu Shagari a 1982, suka kuma ga shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida a 1986, lokacin da "retrenchment" ta zama kalmar da kowane ma'aikaci ke tsoro. Ita aƙalla ba ta ɓoye nufinta ba. Daga baya aka sami "downsizing", wadda a Amurka aka fara faɗinta a kan ƙera ƙananan motoci bayan tsadar mai ta 1973, kafin kamfanoni su ɗora ta a kan ma'aikata. Da ita ma ta yi ƙaurin suna sai aka kawo "rightsizing", wai mayar da ma'aikata adadin da ya dace, tamkar dai waɗanda aka sallama su ne kuskuren. "Rationalisation" da "streamlining" ma sukan zo da wannan nufi, ko da yake a harkarmu "rationalisation" kan nufi sake rarraba malamai tsakanin makarantu, don haka sai an tambaya.

"Redundancy" kuwa kalmar doka ce. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya fassara ta da rasa aiki na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun yi yawa. Ya ce sai an sanar da ƙungiya dalili da adadi, kuma na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita. An tsara dokar ne domin masu aikin ƙarfi da akawu, mu kuwa ƙa'idojin aikin gwamnati suka fi shafarmu, amma ma'anar ta isa ta nuna mana cewa wanda aka ce masa "redundant" ba laifi aka ce ya yi ba.

Ba mu ce duk wanda ya rubuta "cut back" mugun nufi gare shi ba. Kuɗin shiga kan ragu, mu ma a gidajenmu mukan rage. Roƙonmu ga wakilan makarantu shi ne, idan za ku fassara wa 'yan'uwa takarda, kada ku ɗauko laushin Turancin ku sa a Hausa. Inda nufin sallama ne ku ce sallama, inda ragi ne ku faɗi nawa. Duk takardar da ba ta bayyana abin da za a rage ba, da adadinsa, da ranar da ragin zai ƙare, ku kawo ta ofishin reshe kafin kowa ya sa hannu, sakatare zai nemi bayani a rubuce.