Haƙuri Daban, Binne Damuwa Daban



Dukanmu mun taso a gidajen da ake yaba wa mai dauriya. Ana cewa namiji ba ya kuka, uwa kuma kan ɓoye ƙaunar ɗan farinta saboda kunya. Wannan tarbiyya tana da amfani, amma akwai wani hali mai kama da ita wanda yake cutarwa.

Likitan nan na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud, ya yi rubutu a kan wannan hali a shekarar 1915. A ganinsa, idan baƙin ciki ko tsoro ko fushi ya fi ƙarfin mutum, zuciya takan ture shi can ƙasa ba da sanin mai ita ba, domin ta kare shi daga raɗaɗi. 'Yarsa, Anna Freud, ta faɗaɗa bayanin a littafinta na 1936. Masana na yau suna jayayya a kan wasu sassan ra'ayin, musamman batun mance mummunan abu ɗungurungum a tuno shi bayan shekaru. Sai dai sun yarda cewa damuwa tana iya bayyana a jiki.

Ga bambancin. Mai haƙuri ya san abin da ke cin sa, ya zaɓi ya daure. Wanda damuwarsa ta binnu kuwa, ko ka tambaye shi zai ce lafiya lau, kuma iyakar saninsa ke nan.

Mu ɗauki misalin ɗan garinmu da ke fatauci a Legas. Mahaifinsa ya rasu, bai sami jana'iza ba. Ya zo ya karɓi gaisuwa, ya koma kasuwa ko ɗigon hawaye babu. Bayan watanni sai barci ya ƙaurace masa, ga ciwon kai, ga tsawa ga iyali a kan abin da bai taka kara ya karya ba. An auna shi a asibiti ba a ga komai ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wani lokaci jiki ne ke ba da labarin.

Mu mazauna birane mun yi nisa da zauren da ake zama a amayar da abin da ke ciki. Don haka idan muka je ta'aziyya, kada mu tsaya a kan “sai haƙuri” kawai. Mu koma bayan mako biyu, mu zauna, mu saurara. Mu ƙyale yaro ya yi kukansa. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi likita: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ina roƙon kowane reshe na ƙungiyarmu ya naɗa dattijo da dattijuwa masu riƙon sirri, waɗanda za a riƙa kai wa kuka.

Allah ya ba mu lafiya.