Wayarka da Barcinka a Lokacin Siyasa

Jama'ar Gwarzo da Kabo, da na Getso da Garo, yau da ku nake.

A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023, yankinmu ya tsinci kansa a tsakiyar fage. Aminu Abdussalam, ɗan Gwarzo, shi ne ya tsaya takarar mataimakin Abba Kabir Yusuf a NNPP. Murtala Sule Garo, ɗan ƙaramar hukumar Kabo, shi ne ya tsaya takarar mataimakin Nasiru Gawuna a APC. Maƙwabta ne, kasuwa ɗaya ake ci, akwai auratayya, amma kowa da gwaninsa.

Sai shari'a ta biyo baya. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba ranar 20 ga Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Nuwamba, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu, 2024. Kusan wata huɗu ke nan gaban jama'a na faɗuwa. Ka tuna yadda ka kwana a lokacin? Ƙarfe ɗayan dare kana Facebook, kana sauraron saƙon murya a WhatsApp, wani na rantsuwa ya ji hukuncin tun kafin alƙalai su zauna.

Da, sojojin baka na 'yan siyasa a rediyo suke. Shiri ya ƙare, ka kashe, ka kwanta. Waya kuwa ba ta rufe tasha. Kuma da gangan aka tsara ta haka. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin ke ba alamar fushi maki biyar, alamar yabo ta babban yatsa kuma maki ɗaya. Wato abin da ya fi tunzura ka shi ake ƙara turo maka.

Jiki kuma yana biya. Barci ya ƙaurace, zuciya na bugawa, kai na sarawa, mai hawan jini abin ya ƙaru. Maigida ya shigo fuska a murtuke, ya daka wa yara tsawa saboda zagin da wani wanda bai taɓa gani ba ya yi wa jagoransa. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin yaran ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ban ce ka bar siyasa ba, haƙƙinka ce. Amma bayan sallar isha'i ajiye wayar nesa da shimfiɗa. Zauren WhatsApp da ba a komai sai zagi, fita daga ciki. Yaya ko ƙanin da kuka yi sa-in-sa, je ka gaishe shi ido da ido.

In kuwa rashin barci da ƙuncin rai sun wuce mako biyu, har abinci ya fita ranka, ka je Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa ka faɗa wa likita. In da buƙata, za a tura ka asibitin Dawanau, inda ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa suke.