Ruwan Matafiyi da Rigimar Minti Goma



Ba sai an tsaya bayanin kwalara da taifot ba, duk wanda ke ɗakin nan ya san su. Rigimar wannan lacca da wata shawara ce da har yau ake ji a bakin wasu jami'ai: a bar ruwa yana tafasa minti goma, wasu ma su ce ashirin. Da alama wanda ya tsara maganar nan yana da tukunyar gas a kicin. Makiyayin da ya yada zango bayan magariba da 'yan kirare a hannu, ko direban da motarsa ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, in aka ce musu minti ashirin, ba za su hura wutar ba sam. Jarka za su ɗaga su kwankwaɗa.

To, me lissafi ya ce? Ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa ba sa jiran digiri 100 kafin su mutu. Madarar da masana'antu ke sayarwa, digiri 72 ake kai ta na daƙiƙa 15 kacal. Ruwan da ke kan wuta, kafin ya fara ɓararraka ya riga ya wuce wannan zafin, kuma bayan an sauke shi zai jima bai huce ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a takardar da ta fitar kan tafasa ruwa a 2015, ta ce kai ruwa ga cikakkiyar tafasa ya wadatar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mai tsananin taka-tsantsan, minti ɗaya ta ce, sai minti uku a wurin da ya haura kimanin mita 2,000. Wasu abokan aiki kan fake da batun tudu, wai ruwa na tafasa da wuri a kan tsauni. Haka ne. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. A kan Bagzan ta ƙasar Abzin, wajen 93. Ina 93, ina 72? Sauran mintunan nan tara, itace ne kawai ake ƙonawa, ruwan kuma yana bin iska, a wurin da kowane kofi ke da daraja.

Matafiya sun fi masu ofis sanin tattalin wuta. A dubi yaron mota a Mararrabar Jos: ya fito da ɗan kurfoti, ya ajiye shi a bayan taya don ta tare masa iska, ya ɗora buta a rufe, ya fifita da guntun kwali. Murfin nan da kariyar iskar nan su ne rabin aikin, domin murhun duwatsu uku a fili yawancin zafinsa a banza yake tafiya. Makiyayi kan ɗan tona ƙasa kafin ya jera duwatsunsa, in itace ya yi wuya ya sa busasshen kashin shanu. Buzaye kuwa ko tukunya ba sa nema wajen gasa tagella: su kwaɓa gari, su binne cikin zazzafan rairayi ƙarƙashin garwashi, su tono su kakkaɓe. Wanda ba shi da ƙarfe ko ɗaya yana iya gasa duwatsu ya jefa cikin ƙwaryar ruwa har ya tafasa, amma ban da dutsen bakin rafi, danshin cikinsa kan sa ya fashe.

Kafin wuta, tacewa. A Bangladesh, binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna tace ruwa da tsohon zane da aka ninka sau huɗu ya rage kwalara da kusan rabi. Tacewa na cikin abin da ya kori kurkunu, har aka tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Bakin rawani mai tsabta zai yi wannan aikin.

Masu cewa ai akwai ruwan leda ko'ina ba su taɓa bin burtali ba. Masu cewa tafasawa ba ta cire dalma ko maganin ƙwari sun yi gaskiya, sai dai minti ashirin ma ba ya cire su.

Abin da ake nema ba shi da yawa. A sake rubuta saƙonnin rediyo da Hausa da Fulatanci da Buzanci: a tace, a rufe, in ya ɓararraka a sauke, a bar shi ya huce a rufe cikin abin da aka tafasa shi. A kai saƙon tasha ta hannun ƙungiyoyin direbobi da masu shayi, maimakon manna takarda a bangon asibiti. A hana dafa ruwa a gwangwanin fenti ko na maganin feshi. Sannan a faɗa wa direbobi ƙarara su daina shiga da kurfoti cikin kan mota a daren hunturu su rufe gilashi, domin garwashin gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci.