Damina da Bashi: Sauyin Yanayi a Idon Babban Banki



Wani zai tambaya, ina ruwan ma'aikacin banki da hadari? Shi da yake zaune a ofis yana ƙidayar kuɗi, me ya haɗa shi da fari ko ambaliya? To, abin da nake so in nuna yau shi ne, dukiyar da take cikin banki, a gona da kasuwa da rijiyar mai take da saiwa. In yanayi ya taɓa waɗannan, ya taɓa bankin.

Aikin farko na Babban Bankin Nijeriya, tun da ya fara aiki a 1959, shi ne tsare darajar kuɗin ƙasa. Babban makaminsa kuwa kuɗin ruwa ne: in kaya sun yi tsada, sai ya ƙara shi, don a rage cin bashi. Wannan magani yana ci in yawan kuɗi a hannun jama'a ne ya kawo tsadar. Amma a 2022, da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600, ta cinye gonaki daga Jigawa har Bayelsa, ta kuma datse hanyar Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, wane kuɗin ruwa ne zai mayar da shinkafar da ta nutse? Ƙarin kuɗin ruwa a irin wannan hali sai dai ya ƙara wa ɗan kasuwa nauyi, alhali kuwa hatsi bai ƙaru da ko mudu ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce ta bashi. Mai ba da rance yana dogara ne da cewa masu cin bashinsa ba za su karye rana ɗaya ba. In na Kabi ya kasa, na Adamawa zai biya. Fari kuwa ba ya zaɓe. Wanda aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya game Sahel gaba ɗaya, ya halaka dabbobi da amfanin gona tare. In irinsa ya dawo, masu bashi za su faɗi tare, gonar da aka jinginar ta rage daraja, kamfanin inshora kuma ya ga masu neman diyya sun cika masa ƙofa.

Ta uku ta fi ɓuya. Mafi yawan kuɗin ƙetare da Nijeriya take samu daga man fetur da iskar gas suke fitowa. A Paris, a 2015, ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar rage hayaƙin da yake ɗumama duniya, mu ma a Glasgow, a 2021, muka ɗauki alkawarin daidaita namu nan da 2060. Ashe ke nan ko an ci nasarar yaƙar ɗumamar, akwai hasara a gabanmu: ranar da masu sayen mai suka ja baya, naira ce za ta ji a jikinta, tare da bankunan da suka zuba rance a rijiyoyi.

Waɗansu sun farga. A 2015 Mark Carney, gwamnan Babban Bankin Ingila na lokacin, ya yi gargaɗi cewa masu kuɗi 'yan shekaru kaɗan suke hange, masifar kuwa tana can gaba da inda idonsu ya tsaya. A 2017 hukumomin kuɗi 8 suka kafa ƙungiya a Paris domin nazarin wannan haɗari. A 2021 Bankin Ingila ya jarraba manyan bankuna da kamfanonin inshora, don a ga yadda za su tsaya in yanayi ya ɓaci.

Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata a tambayi kowane banki namu: nawa ne daga cikin rancenka yake kwance a fadama, nawa yake rataye ga mai? Ku ma'aikata masu tsara kasafi, da ku ɗalibai da za ku gaje su, wannan lissafi naku ne. Kakanninmu da suka sha yunwar Kakalaba a 1914 sun san cewa da kaka ake cika rumbu.