FULOGI: A DUBA LAMBA KAFIN A DUBA FARASHI

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Sabo, Ibadan, ranar da aka gayyato direbobi da masu motocin haya.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayena da yayyena, 'yan'uwana direbobi da 'yan kasuwa, barkanmu da zuwa.

Shugaba ya umarce ni in yi magana a kan sana'ata. Kun san ni, kayan mota nake sayarwa. Na zaɓi in yi magana a kan fulogi, abin da bai wuce tsawon yatsa ba, saboda wani abu da ya same ni wanda har yau ban manta ba.

A shekarar 2022 wani dila ya kawo mini kwalin fulogi da araha mai ban mamaki. Kwali mai kyau, rubutu mai kyau. Na karɓa ban bincika ba. Wani yaronmu na nan unguwa, direban bas, ya sayi guda huɗu ya ɗaura ya tafi Arewa ɗauko tattasai. A kan hanyar dawowa, tsakanin Mokwa da Jebba, cikin dare, inji ya yi ƙara ya tsaya. Da aka buɗe sai aka tarar bakin fulogi ɗaya ya narke ya karye ya faɗa cikin silinda, ya ɓata fistin da bawul. Ashe jabu ne. Kwana biyu ya yi a hanya, tattasai ya ruɓe, mai kaya ya yi asara, yaro ya kwana a wurin da kowa ya san ba a son kwana. Allah Ya tsare rayuwarsa. Na biya rabin kuɗin gyara, sauran kwalin na zubar. Tun daga ranar na zauna wurin makanikai na koyi abin da ya kamata a ce na sani tun farko, shi ne zan gaya muku yau.

Aikin fulogi shi ne kunna wuta. Fetur da iska suna shiga silinda, fistin ya matse su, sai kwayil ya turo lantarki mai ƙarfin dubban bolt, tartsatsi ya tsallaka a bakin fulogi, mai ya kama. Haka yake yi ba hutu muddin inji na aiki. Masu manyan motocin dizal, ku wannan magana ba taku ba ce, injinku matsi ne ke kunna shi. Amma bas mai fetur, tasi, babur, Keke da janareta duk da fulogi suke tashi.

To, kuskuren da muka fi yi shi ne mutum ya zo shago ya ce, "Alhaji, ba ni fulogin Toyota." Jama'a, babu wani abu wai shi fulogin Toyota. Kowane inji da lambarsa. Lambar tana cikin littafin mota, wani lokaci kuma a takardar da aka manna a ƙarƙashin bonet. In babu ko ɗaya, a kawo lambar inji a duba a littafin kamfanin fulogi. Kada a dogara da wanda aka kwance kawai, domin mai yiwuwa wanda ya riga ka ne ya ɗaura ba daidai ba.

Bari in karanta muku lamba ɗaya ta kamfanin NGK ku ga abin da nake nufi: BKR6E-11. Harafin B yana nufin kaurin tiredi milimita 14 ne. K yana nufin sifana mai lamba 16 ce ke kwance shi. R yana nufin akwai abin da ke hana lantarkin fulogi damun rediyo da ƙwaƙwalwar mota, motocin zamani kuwa ba sa yi sai da shi. Lamba 6 zafinsa ke nan. E tsawon tiredi ne, milimita 19. Sai 11 ta ƙarshe, wato tazarar baki milimita 1.1. Kun ga kowane harafi da aikinsa, in aka canza ɗaya an canza fulogi.

Abu biyu ne a ciki suka fi kashe inji. Na farko tsawon tiredi. Akwai gajere na milimita 12.7, akwai na 19, akwai dogo na 26.5 da ke cikin sababbin injuna da yawa. In ka sa dogo a gurbin gajere, zai leƙa cikin silinda, fistin na iya dukansa. In ka sa gajere a gurbin dogo, wutar tana ɓuya cikin rami, mota ta riƙa misin, baƙin toka kuma ya cike sauran tiredin.

Na biyu zafi. Fulogi mai zafi yana riƙe zafi a bakinsa don ya ƙone datti, mai sanyi yana saurin zubar da zafin. In ya fi ƙarfin injinka zafi, zai kunna mai tun lokaci bai yi ba, a doguwar tafiya da lodi har fistin yana iya hujewa. In ya yi sanyi da yawa, ga ka kullum cikin cunkoson Iwo Road, zai yi baƙi ya daina ba da wuta. A nan sai a yi hattara: a wurin NGK da Denso, lamba tana hawa fulogi yana ƙara sanyi, a wurin Bosch kuwa lamba tana hawa yana ƙara zafi. Haka kuma 6 ta NGK ita ce kusan 20 ta Denso. Saboda haka kada wani ya ce maka shida shida ce.

Sai maganar ƙarfen baki. Fulogi na gargajiya, mai jan ƙarfe a ciki, shi ne mai araha, ana canza shi wajen kilomita 20,000 zuwa 30,000. Na filatinam da na iridiyam sun fi tsada, amma na gaske yana kai kilomita 100,000 ko fiye. Motar da aka ƙera da iridiyam a mayar mata da iridiyam. Tsohuwar mota mai kafireta kuwa, na gargajiya ya ishe ta, ba sai ka wahalar da aljihunka ba. Bakin iridiyam siriri ne kamar allura, bai kai milimita ɗaya ba. Kada a bari yaron gareji ya goge shi da burushin waya ko ya buga shi a ƙasa wai yana gyara tazara.

Yaya ake gane jabu? Da farko farashi. In an ce iridiyam ne amma kuɗinsa ya yi kusa da na gargajiya, ka ajiye. Araha ba ta ado. Ka fito da shi daga kwali ka duba: rubutun jikin farar tangaran ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi? Bakin siriri ne ko kauri? Walda tana da tsabta? Washar da ke gindin tiredi tana zamewa ta faɗo da kanta? Ta gaske ba ta fita da sauƙi. A guji kuma fulogin tokumbo da aka wanke aka goge, domin wanki ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.

Kafin a jefar da tsohon, a karanta shi, yana ba da labarin inji. In bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, inji lafiya lau. In baƙi ne busasshe, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai na hawowa, a duba ringi. In ya yi fari fat kamar ya ƙone, zafi ya yi yawa. Sabon fulogi ba ya maganin waɗannan, in ba a gyara tushen ba shi ma haka zai koma.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce, musamman mai kan alminiyam. A fara murzawa da hannu har ya zauna, sannan a sa sifana. Sabo mai washa, rabin zagaye ko ɗan fiye ya isa. A canza duka a lokaci ɗaya, ba ɗaya yau ɗaya wata mai zuwa ba. Fulogin da ya tsufa tazararsa tana buɗewa, kwayil ya wahala har ya mutu, man da bai ƙone ba ya bi salansa ya lalata abin nan da makanikai ke kira indomi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ba sai na gaya wa direba darajar lita ɗaya ba. Motar da ke misin, kuɗinka take fitarwa ta baya.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwana masu sayarwa. Malamanmu suna nan, sun karantar da mu cewa algus haramun ne, kuma ɓoye aibin kaya ha'inci ne. Mu baƙi ne a garin nan, iyayenmu da amana suka zauna da Yarabawa a cinikin goro da shanu, ita ce jarinmu. In ba ka da lambar da mutum ke nema, ka ce babu, ka nuna masa inda zai samu. Ku kuma direbobi, kowa ya rubuta lambar fuloginsa a takarda ya ajiye tare da takardun mota, ya riƙe guda ɗaya na gaske da sifanarsa a cikin mota. Wanda bai san tasa ba ya same ni bayan taro da lambar injinsa, zan duba masa kyauta, ko ba a wurina zai saya ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya sa albarka a nemanmu.