Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ma'aikatan Jinya na Fannin Lafiyar Ƙwaƙwalwa



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta da malamanta, manyan likitoci, malamanmu na addini, iyaye da suka yi sammako daga garuruwa na kusa da na nesa, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma taya ku murna.

An ce in yi wa ɗalibai nasiha. To, nasiha kam malamanku sun yi muku ita har kun haddace. Ni yau zan ari bakin wani ne da ba a aika masa katin gayyata ba, alhali dominsa aka yi duk wannan karatu, wato majinyacin da za ku tarar a bakin aiki.

Ku fara sanin hanyar da ya biyo kafin ya iso gare ku. A ƙasarmu ba kasafai ake fara kai mai taɓin hankali asibiti ba. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Wata gwaggo ta ce aljanu ne, wani kawu ya ce sammu ne. An sayar da tumaki, wani lokaci har da gona. Sai da aljihu ya ƙare, haƙuri ya ƙare, sannan aka ɗaure shi da rawani aka sako shi a bayan mota. Uwarsa na biye, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana addu'ar kada ta haɗu da wanda ya san ta. Idan kalmar farko da ta ji a bakinku ita ce "Sai yanzu kuka ga damar kawo shi?", to wallahi kun gama da ita. Za ta karɓi maganin, za ta yi godiya, amma ba za ta dawo ba. Ku ce mata, "Sannu Mama, kin yi ƙoƙari da kika kawo shi." Shi kuma ku tambayi sunansa, ku kira shi da shi. Watakila ya yi wata da watanni ba wanda ya kira shi da sunan da aka yanka masa rago.

Da yawa a nan suna tune da watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Ba a jima ba aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Duk mun yi Allah wadai, kuma daidai ne. Sai dai akwai tambayar da mu ma'aikatan lafiya muka fi son mu tsallake: me ya kai iyaye can? Mafi yawansu ba mugunta ce ta kai su ba. Gidan mari yana kusa da su. Mai gidan yana jin harshensu, yana zama ya saurari kukansu, ba ya ce musu su dawo ranar Talata da kati. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kuwa a Arewa ana ƙirga su da yatsun hannu, irin su Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da Dawanau a Kano. Likitocin wannan fanni a faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Saboda haka a ƙananan hukumomi da dama, ke da za a miƙa wa takarda yau, ke ce kaɗai za a samu da ta san wannan ciwo. Idan mutane suka ga wulaƙanci a wajenki, sun san hanyar komawa inda suka fito.

Doka ma ta daɗe tana kallon majinyacinmu a matsayin abin tsarewa. Dokar da muka yi ta aiki da ita ta 1958 ce, ita kuma tushenta wata doka ce ta Turawan mulki ta 1916. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙi, har da haƙƙin a yi shawara da shi kan maganin da za a yi masa. Ku neme ta ku karanta. Amma doka ba ta kwana a ɗakin majinyata da ƙarfe biyun dare. Ku ne kuke kwana.

Kada kuma wani ya ce muku mutunta majinyaci sabon abu ne da aka shigo mana da shi. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ƙi yarda a kulle kowa a bayan katanga. Ya nema wa majinyata masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa guda da zai zauna da shi. Da rana su zo a duba su, da yamma su koma cikin mutane, su ci tuwo da mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, a lokacin da takwarorinsa ke ganin hakan zubar da girma ne. Duniya ta zo ta koyi wannan tsari a wajensa, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan uba ya ce muku zai ci gaba da kai ɗansa wajen malam, kada ku yi masa tsawa. Ku ce ya ci gaba da addu'a, ya kuma ci gaba da ba da magani a kan lokaci, ban da duka, ban da mari, ban da horo da yunwa.

Yanzu in zo kan shaye-shaye, wanda shi ne zai fi cika muku gadaje. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha. Kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Ku shiga ɗakunan jinya ku duba ko za ku ga matan da yawa haka. Ba za ku gani ba, domin ita mace ana ɓoye ta a ɗaki don kada aure ya mutu ko ƙannenta su rasa manema. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC. An rufe bakin kwalba, amma wanda jikinsa ya riga ya saba yana nan, kuma wajenku zai zo.

Ba kowa ne ya fara don iskanci ba. Akwai ɗan dako da manomi da ɗan acaɓa da suka fara shan tiramol don su jure aiki. Ranar da ɗayansu ya daina, jiki zai yi ciwo, zufa ta karyo, ciki ya ɓaci, barci ya ƙaurace. Ku gaya masa tun farko cewa haka za a yi, kuma zai wuce. Idan aka sallame shi ya koma ruwa, ya sake dawowa, kada ku tarbe shi da "Kai ne kuma?" Komawa ruwa yana cikin halin wannan ciwo, kamar yadda mai hawan jini kan dawo jininsa ya sake hawa.

Haka nan maganinmu yana da nasa nauyi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan majinyaci ya ce allurar tana sandarar masa da wuya, harshensa ya yi nauyi, yawu na zuba, hannu na rawa, to gaskiya yake faɗa. Ku kai wa likita maganar a gyara. Wanda aka yi biris da kukansa, yana isa gida zai watsar da ƙwayoyin, sai mu rubuta a fayil cewa ba ya bin umarni. Mai ciwon damuwa kuma ku sanar da shi cewa maganinsa kan ɗauki makonni kafin a ji daɗinsa, kada ya yanke ƙauna a kwana na biyar. Abin da kuka gani ko kuka ji a ɗakin jinya kuwa, ya tsaya a can. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, magana ɗaya a gidan biki ta isa ta hana yarinya aure.

Ranka ya daɗe, ga saƙo a kai wa Mai Martaba da hukumomi. Muna roƙon a tura waɗannan yara fannin da aka horar da su dominsa, kada a watsa su wasu sassa saboda ƙarancin ma'aikata. A sa magungunan wannan ciwo a asibitocin ƙananan hukumomi, domin kuɗin mota zuwa birni kowane wata shi ke yanke wa talaka jinya. Hakimai da dagatai da limamai su taya mu faɗa wa jama'a cewa wanda aka sallama daga asibiti a ba shi aiki, a ci abinci da shi, a ba shi aure idan ya nema.

Iyaye, Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku ci moriyar wahalarku. Malamai, Allah ya biya ku. 'Ya'yana, aikin da kuka zaɓa yana gajiyar da zuciya, don haka ku riƙa duba junanku, wanda ya ji nauyi ya yi masa yawa ya faɗa wa ɗan'uwansa. Allah ya sa albarka a takardun da za ku karɓa yanzu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.